Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zagaye Biyu

A makon jiya na tsaya a inda malamin wasanni ya zaɓe ni, bayan ya ga na tsere wa maza a gasar makarantarmu ta firamare a Jos. Shekarata 11 a lokacin, a 1996, shekarar da Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a gasar Olympics ta Atlanta, Amurka, Falilat Ogunkoya kuma ta samu tagulla a tseren mita 400. Tun daga nan duk kocin da ke da yara a hannunsa ya fara hango lambar yabo a ƙafafunsu, ni kuma aka ɗora mini tseren mita 800, wato zagaye biyu na fili.

Da asuba, cikin sanyin hunturun Jos mai fasa leɓe, muke fita atisaye kafin makaranta, sannan mu koma bayan la'asar, kwana shida a mako. Koci yana riƙe da agogo a hannun dama, da bulalar dogon yaro a hagu. Ban taɓa ganin ya daki kowa da ita ba, amma da ya kaɗa ta a iska, cikina ke ɗurar ruwa. Ya yi wa mahaifina alkawarin cewa idan na yi ta ɗaya a gasar jiha, za a ɗauki nauyin karatuna na sakandare, kuma wannan magana ta fi bulalar nauyi, domin mu tara ne a gidanmu.

Wata uku da farawa, wani kumburi ya fito mini a ƙasan gwiwar hagu, mai zafi har durƙuson salla ya fara gagarata. Umma takan gasa mini da ruwan ɗumi ta shafa man zafi, tana cewa, "'Yar nan, ki faɗa wa malaminku mana." Ban faɗa ba. Na riga na ga yadda aka cire wata abokiyata daga tawaga ranar da ta yi ƙorafin ƙwabrinta, aka sa wata da kowa ya san ta girme mu nesa ba kusa ba. Sai da na girma wani likita ya bayyana mini cewa ƙashin yaro a wannan gaɓa bai gama ƙwari ba, jijiyar gwiwa ce ke ta fizgarsa a duk takun gudu, kuma hutu ne babban maganinsa. Har yau ina jin ciwon cewa babu babba ɗaya a filin nan da ya tambaye ni dalilin ɗingishina.

Daren jajibirin gasar na kasa cin tuwo, na yi amai sau biyu, na kwanta da takalmin gudun da aka aro mini a ƙarƙashin matashin kai. Da gari ya waye Baba ya ɗauke ni a kekensa har bakin fili, ya dafa kaina ya ce, "Allah Ya ba ki sa'a, uwata." Ina jin an kira lambata a lasifika, gwiwar ta amsa.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.