Shawarwarin 'yan kallo kan sabon taimako a gasar kacici-kacici

Aikin tsara tambayoyi a shirin kacici-kacici na talabijin ya koya mini cewa 'yan kallo ba sa rasa shawarar sabon taimakon da za a ƙara wa ɗan takara. Wannan ya ce a ba shi daƙiƙa 30 ya leƙa intanet, wancan ya ce a bar shi ya sayi amsa da rabin kuɗin da ya tara.

Ni dai ma'aunina shi ne taimako ukun da shirin Who Wants to Be a Millionaire? ya fara da su a Ingila a 1998: cire amsoshi biyu na bogi, kiran aboki, da jin ra'ayin mutanen da ke zauren. Babu ko ɗaya da ke ba da tabbas. An cire biyu, saura biyu, zuciya na nan tana dukan uku-uku. Aboki na iya rantsuwa kuma ya kuskure, jama'ar zaure kuwa tambaya na yin tsauri sai su koma canki-canki. Wannan shakkun ne ke hana mai kallo sauya tasha.

Leƙa intanet shi ke kashe shakkun nan take. Ko kiran aboki ma, a 2010 shirin na Amurka ya soke shi, saboda abokan sun koma zama gaban kwamfuta suna neman amsa. Sayen amsa kuma lissafi ne ke kayar da shi: tunda a matakan sama kyautar kusan ninkawa take yi, wa zai ƙi biyan rabi don ya tsallake ba tare da fargabar faɗuwa ba? Kowa zai saya, kuma a mataki ɗaya.

Abin da masu shawara suka fi mantawa shi ne maguɗi. A 2001 wani ɗan takara a shirin na Ingila, Charles Ingram, ya kai fam miliyan ɗaya da taimakon wani da ke zauren mai yi masa tari don nuna amsar daidai, aka hana shi kuɗin, kotu kuma ta same shi da laifi a 2003. Tari kawai! Shi ya sa duk shawarar da ke buɗe sabuwar ƙofa tsakanin ɗan takara da wani mutum nake fara tambayar wa zai tsare ta.

Sabon taimakon da ya burge ni shi ne tambayar mai gabatarwa, da aka shigo da ita a Ingila a 2018 lokacin da Jeremy Clarkson ya fara gabatar da shirin. Ba a nuna masa amsar, don haka yana iya cewa bai sani ba, ɗan takara ya ƙona taimakonsa a banza.