Kafin ki je wurin direkta a tsallakar da yaronki aji

Ɗiyar ƙanena ta shigo da wayarta tana nuna mini ɗanta mai shekara 5 yana karanta rubutun gwangwanin madara da Faransanci. "Goggo, jardan ta yi masa kaɗan. Gobe zan ga direkta a kai shi CP, ya tsallake CI." Jardan dai ajin 'yan ƙanana ne kafin firamare, CI ajin farko na firamare, CP na biyu. Na ce mata ta zauna tukuna.

Irin wannan tsallakarwar na yi wa tawa ɗiyar lokacin muna unguwar Zango a Damagaram. Tun tana jardan ta iya haɗa baƙi, tana ƙirga har 100, madam kan tsayar da ita gaban allo ta ja wa sauran. Sai ta fara ƙin zuwa, wai waƙa kawai ake yi. To me uwa za ta yi? Aji cike maƙil, wa zai kula da ita kaɗai? Na yi ta zarya ofishin direkta har ya yarda, bayan ya gaya mini kan yarinyar ya nuna amma hannunta da saura. Ban saurara ba.

A CP karatu bai ba ta wuya ba, rubutu ne ya kayar da ita. Malamin aji ya cika allo, 'yan shekara 7 da 8 su kwafe su fita, ita tana layi na uku, ƙafafunta na reto daga benci, alli ya jiƙe da gumin hannunta. Lokacin shan iska tana jikin katanga, manya ba sa wasa da ita. Na ce za ta saba. Ta kuwa ci BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta shiga babbar sakandare ta lise Amadou Kouran Daga, shi ya sa wani lokaci nake cewa ban yi laifi ba. Mahaifinta ma ya goyi bayana. Amma har yau ba ta buɗe baki cikin taro, kuma na san rabin zaryar nan don a ce "ɗiyar wance ce" na yi ta.

Ku kuma na yanzu kun fi mu. Yaro ya faɗi kalma biyu, kafin la'asar yana WhatsApp, dangi na tafi!

Ga abin da na ce wa ɗiyar ƙanen nawa: ki je wurin madam ɗinsa, ba ofis ba, ki tafi da ladabi. Ki roƙa ta ba shi littafin CI ya riƙa dubawa in ya riga sauran gamawa, a gida kuma ya yi ta rubutu da zane har yatsunsa su yi ƙwari. Firamare shekara 6 ce, daga CI zuwa CM2, kuma wanda aka tsallakar zai shiga siziyam, ajin farko na sakandare, cikin waɗanda suka fara balaga. Kada ki tsallakar da shi.

In kuwa madam da kanta ta ce zaman yana lalata shi, ya fara tsokana da kuka kowace safiya, to a tsallakar, aji ɗaya tak. Kuma ki tambayi yaron su wa yake wasa da su kafin ki sa hannu a takarda.