Shafin Vecellio da na saya a cikin firam

Har yanzu in na tuna Yuro 200 ɗin nan sai raina ya ɓaci wallahi. Ni dama mai son harkar ɗinki ce, tunda na zo karatu Italiya nake bibiyar littafin Cesare Vecellio, wanda aka buga a Venis a 1590, hotunan suturar mutanen duniya sama da 400 duk an sassaƙa su a katako kafin a buga. Cikakkensa ba na ɗalibi ba ne, sai dai shafi ɗai-ɗai da 'yan kasuwa ke yagowa su sa a firam.

To a kasuwar tsofaffin kaya na ci karo da wani dattijo, ya nuna min hoton wani mutumin ƙasar Peru, firam mai kyau an liƙe bayansa da takarda ruf, yana ta rantsuwa wai bugun farko ne na 1590. Na ce baba a buɗe bayan in gani, ya ce ai buɗewa zai lalata firam ɗin. Na biya, ko rasit bai ba ni ba.

Wata ƙawata da ke aiki a laburare kallo ɗaya ta yi masa ta kwashe da dariya. Ashe bugun 1590 babu mutanen nahiyar Amurka a ciki kwata-kwata, sai a bugu na biyu na 1598 Vecellio ya ƙara su, hotunan suka haura 500. Na ce to ko na 1598 ne ai ban faɗi ba. Muka sa reza muka yanke takardar bayan nan, sai ga rubutun Faransanci! Na 1598 Italiyanci ne da Latin. Nawa na kamfanin Didot ne da aka sake zanawa a Faris wajen 1860, kusan shekara 270 tsakani, kuma ko rabin kuɗin bai kai ba.

Ta ɗaga shafin a hasken taga ta nuna min, tsohuwar takardar hannu za ka ga layuka siri-siri a jikinta, tawa kuwa sumul take. Da dattijon ya bari na buɗe bayan nan da a wurin zan gane.

Kuma kar sunan Titian, shahararren mai zanen nan na Italiya, ya ruɗe ku, dattijon ma ya ja min shi a ciniki. Masu bugun 1664 ne suka manna sunansa a bango har da cewa wai Vecellio ƙaninsa ne, alhali dangi ne kawai.

Na koma wajen dattijon, ya ce shi bai taɓa ganina ba. Yanzu duk mai sayarwa da ya hana ni ganin bayan shafi ko ya ƙi rubuta shekarar bugu a rasit, ko sisi ba zan ba shi ba.