Na sauya sensar injin ɗumama gida, wutar ta ci gaba da mutuwa

Duk wanda na faɗa wa alamun, amsarsa ɗaya ce: sensa ce, wato 'yar sandar ƙarfen da ke gane ko wuta na ci, ka goge ta, in ta ƙi ka sauya. Alamun kuwa sun ba su gaskiya. Fankar fitar da hayaƙi ta tashi, makunnin gas ya yi ja zur, bawul ya yi ƙas, shuɗiyar wuta ta bi bakunan da gas ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba abin kushewa. Kafin ka ƙirga bakwai ta mutu murus. Injin ya sake gwadawa, ya kuma sakewa, daga nan ya kulle kansa, 'yar fitilar da ke jikin allon sarrafawa ta shiga ƙiftawa. Jadawalin da aka liƙa a bayan murfin ya ce wannan adadin ƙiftawa na nufin allon bai ga wuta ba. Ga wuta ina kallo da idona, shi ya ce babu. Wa za ka zarga in ba sandar da aikinta ke nan ba?

Cirewa da sakawa ba abin a tsaya a kai ba ne. Ka kashe lantarki, ka rufe gas, noti guda ne mai kan kwata inci, waya guda ce mai zamewa. Na goge tsohuwar da soson ƙarfe mai laushi, injin ya lafa na ɗan lokaci, har na fara yabon kaina, sai ga shi ya koma gidan jiya. Na kwafi lambar injin daga takardar da ke ciki, na sayi sabuwar sanda mai lanƙwasa iri ɗaya sak da tsohuwar, na ɗaura ta, na mayar da murfi, na kunna. Wuta ta kama, ta yi daƙiƙunta, ta mutu. Daidai kamar yadda take yi tun farko, ko daƙiƙa guda ba ta ƙara ba.

Wannan lokacin ne har yanzu yake ci mini rai idan na tuna. Sabuwar sanda fil a ciki, gida kamar cikin firji, kuma abin da kowa ya rantse da shi bai motsa komai ba. Tunanina ya tafi kai tsaye kan allon sarrafawa, wanda shi ne abu mai tsada a cikin injin, saura ƙiris in yi odarsa. Abin da ya hana ni kawai shi ne ba a karɓar kayan lantarki idan an riga an ɗaura su. Sai na haƙura na kira mai gyara, a lokacin da ya wuce na aiki, da kuɗin da ke biyo bayan irin wannan kira.

Dattijon da ya zo bai ko kalli sabuwar sandata ba. Ya zare wayar daga ƙafarta, ya saka mitarsa a tsakani, waya ɗaya a jikin sandar, ɗaya a wayar da ke zuwa allo, ya juya mitar zuwa maikro'amfiya na DC, wato ma'aunin lantarki ɗan mitsitsi mai gudu ta ɓangare ɗaya, ya ce in kunna. Wuta ta kama, mita ta nuna abin da bai kai 1 ba, tana rawa, sai wutar ta mutu. Ya ce, "Malam, sandarka lafiya lau take. Hanyar komawa ce ta toshe." Na ce, "Oga, wace hanya kuma? Ai waya ɗaya ce." Ya ce to ai shi ya sa, tunda waya ɗaya ce, ta ina lantarkin zai koma?

Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba, kuma babu ko ɗaya cikin masu ba ni shawara da ya taɓa ɗago ta. Na ɗauka sandar tana jin zafi ne, kamar wadda ke cikin tsofaffin injuna masu 'yar wutar da ba ta mutuwa, wadda zafi ke sa ta samar da ɗan lantarki kimanin milibolt 25 zuwa 30 don riƙe bawul a buɗe. Wannan ba ta samar da komai. Tsinken ƙarfe ne kawai a cikin tangaran. Allon ne ke tura mata lantarkin AC, wato mai kai da komowa, shi kuma harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki kaɗan, don haka sai ya zama gada tsakanin sandar da bakin da wutar ke fitowa. Saboda faɗin ƙarfen bakin ya ninka na sandar nesa ba kusa ba, lantarkin ya fi gudu ta ɓangare ɗaya, sai ya fito a matsayin DC ɗan mitsitsi. Wannan ɗan DC ɗin allon ke nema. A yawancin injuna yana tsakanin maikro'amfiya 1 zuwa 6, maikro'amfiya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na amfiya. Idan ya faɗi ƙasa da abin da allon ya yarda da shi, sai ya rufe gas, domin a wurinsa gas na zuba ba tare da wuta ba.

To daga bakin wutar, lantarkin zai bi ta ƙarfen da ke riƙe da bakunan, ya shiga gangar jikin injin, ya koma allo ta wayar ƙasa, wato koriyar wayar da aka ɗaure a jikin injin. Sandar rabin zagayen ce kawai. Ɗaya rabin shi ne bakin wutar, da notocinsa, da koriyar wayar nan da ba wanda yake kallo. Lantarki mai ƙanƙanta irin wannan, ɗan tsatsa ya ishe shi cikas.

Ya kwance bakin ƙarshe, wanda sandar ke tsaye a gabansa, ya miƙo mini. Fuskarsa ta yi ja da tsatsa, wurin da yake zama a kan mariƙinsa ma haka. Ya bi shi da burushin waya, ya busa 'yan tsagogin gefe da wuta ke bi ta tsallaka daga baki zuwa baki, ya mayar. Sannan ya taɓa notin da ke riƙe da wayar ƙasa a jikin injin, sai ga shi yana juyawa da yatsa. Ya kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure tam. Da muka kunna, mita ta haye sama da 3 ta tsaya cak, wuta ta ci gaba da ci, babbar fanka ta tashi.

Na roƙe shi abu guda kafin ya tattara kayansa: mu mayar da tsohuwar sandar mu gani. Ya yi dariya amma ya yarda. Mita ta ba da kusan lamba ɗaya. Tsohuwar ba ta da laifin komai tun farko.

Wannan ya warware mini abin da ya fi rikita ni, wato dalilin da ya sa gogewar farko ta yi kamar ta yi aiki. Lantarkin yana bakin iyaka ne. Cire ɗan dattin da ke jikin sandar ya ɗaga shi kaɗan sama da iyakar, injin ya yi ta lallaɓawa, da datti ya ɗan sake taruwa sai ya koma ƙasa. Gogewar ta rufe ainihin matsalar, ta kuma ƙara tabbatar mini da cewa sandar ce. Shi ya sa yanzu idan wani ya ce mini ya goge tasa ta yi aiki sannan ta sake, ba na ce masa ya sayi sabuwa, ce masa nake ya auna. Mita mai maikro'amfiya na DC ba kowace ce ke da shi ba, ka duba kafin ka saya ko ka ara. Awon kuma ana yin sa ne injin na ci, murfi a buɗe, maɓallin da ke kashe injin idan an cire murfi a danne, akwai lantarki a wayar sandar da sauran wurare. Wanda bai saba aiki kusa da lantarki mai rai ba, wannan ne wurin da zai tsaya ya kira wanda ya saba.

Gaskiyar magana, sandar nan da wuya take lalacewa. Babu abin da ke motsi a cikinta, babu abin da zai ƙone. Dalilan sauya ta kaɗan ne: tangaran ɗin ya tsage har lantarki na zurarewa zuwa jikin injin, ko ƙarfen ya cinye ya yi ramuka, ko ƙafar da waya ke shiga ta saki. Ka riƙe ta a haske ka juya tangaran ɗin a hankali, tsagar kan yi siriri kamar gashi. In ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗin sabuwa asara ce, ko da ba su da yawa. Asarar da ta fi ita ce ta lokacin da za ka ɓata kana tunanin ka riga ka kawar da zargi daga wannan ɓangare, ka koma zargin allo. Ni nan na kusa faɗawa.

Wajen gogewa, dattijon ya ja mini kunne a kan sanfefa. Yashin da ke jikinta na barin burbushi a kan sandar, wuta ta narkar da shi ya zama wani siririn rufi mai kama da gilashi, wanda lantarki ba ya ratsawa. Soson ƙarfe mai laushi ya wadatar, a bi da tsumma mai tsabta. Kada kuma a rikita sandar da makunnin gas. Shi yana da wayoyi biyu, yana can ɗaya gefen, kuma irin na da ɗin nan yana karyewa da ɗan bugu kaɗan. An raba su gefe da gefe ne da gangan, don wuta sai ta ratsa dukkan bakunan kafin ta iso sandar. Saboda haka idan tsagogin tsallakawar sun toshe, wuta ta makara wajen isowa bakin ƙarshe, allon zai ba ka ƙiftawa iri ɗaya da ta sanda mai datti.

Abin haushin ke nan da wannan lambar ƙiftawa. Cewa kawai take ba a ga wuta ba. Sanda mai datti, bakin da ya yi tsatsa, wayar ƙasa da ta saki, sandar da ta kauce daga cikin harshen wuta, gas mara ƙarfi, duk magana ɗaya take faɗa a kansu. Har da wani da ban taɓa zato ba: idan an juya wayar lantarki mai rai da ta nutural wajen haɗa injin, injuna da yawa ba za su gane wuta ba sam. Wanda matsalarsa ta fara bayan an yi aikin wayarin a gida, can ya kamata ya fara dubawa.

Wani ya ba ni shawara a tsakiyar wahalar nan in haɗa wayar sensar kai tsaye da jikin injin don a samu a kwana da ɗumi. Ba ya aiki, domin allon DC ɗin da wuta ke haifarwa yake nema, haɗin waya da ƙarfe ba zai ba shi wannan ba. Da ma zai yi aiki, abin da ka cire shi ne kaɗai mai rufe gas idan wuta ta mutu. Ban taɓa bawul ba, ban taɓa daidaita ƙarfin gas ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa.

Sai bayan mai gyaran ya tafi na tambayi kaina daga ina tsatsar ta fito, alhali sauran bakunan ba su kai na ƙarshen lalacewa ba. Injina irin mai tsimin gas ne, wanda hayaƙinsa ke sanyi har ya zama ruwa, ruwan kuma yana da ɗan tsami, yana cin ƙarfe. Da na haska tocila sama, sai na ga farin sawun ɗiga a ƙarƙashin mahaɗar bututun hayaƙi, daidai saitin wannan gefen. Maɗaurin robar ya saki. Na ɗaure shi, na sa takarda busasshiya a ƙasan wurin, nesa da wuta, don in ga ko zai sake ɗiga, bai sake ba. Na sayi mita tawa, na rubuta lambar da muka samu ranar a cikin murfin tare da kwanan wata, kuma kafin sanyi ya shigo kowace shekara zan auna in gwada da ita. In ta fara sauka, bakin ƙarshe da notin wayar ƙasa zan fara dubawa kafin in kwance sandar.