Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dala Dubu da Kwana Ɗaya

A makon jiya na tsaya a inda aka sa sunana cikin jerin tafintocin da kotu ke kira a birnin New York, aka kuma rantsar da ni. Rantsuwar ba ta da tsawo. Abin da aka faɗa shi za ka juya, ba ragi ba ƙari, ko da kana ganin mai maganar yana haƙa wa kansa rami. Na ɗauka aikin baki ne kawai, sai da na haɗu da wani dattijo a lokacin sanyin 2017.

Da dare aka kira ni, domin a can ana so a gurfanar da wanda aka kama cikin awa 24, saboda haka kotu ba ta tashi da wuri. Dattijon direban motar haya ne, zai kai shekara sittin. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba nake ce masa. Wani fasinja ya bar waya a motarsa, daga baya ya ce sace ta aka yi. Baba ya ce ya jefa ta aljihun mota ne da niyyar mayarwa, aiki ya sha kansa. A nan 'yan sanda suka same ta.

A wani ɗan ɗaki bayan kotu muka zauna, waga a tsakaninmu da shi, ni da lauyar da ake ba marasa hali, wata matashiya da fayil-fayil har haɓa. Ta ce mai gabatar da ƙara ya yi tayi: Baba ya amsa laifin ƙaramar sata, a lissafa masa kwanan da ya yi a tsare a matsayin hukunci, ya tafi gida. Ina gama juyawa fuskarsa ta washe. Sai lauyar ta ce kada ya karɓa.

"Ɗana, ba yanzu ka ce yau zan kwana a gida ba?"

"Ba ni na ce ba, Baba, su suka ce. Ita kuma ta ce akwai tarko a ciki."

Tarkon kwana ɗaya ne rak. A dokar jihar ta lokacin, iyakar hukuncin irin wannan laifi shekara guda ce cif. Dokar shige da fice ta tarayya kuma ta ce baƙon da bai wuce shekara biyar da shigowa ba, in aka same shi da laifi irin na sata wanda za a iya ɗaure mutum shekara guda ko fiye a kansa, ana iya tasa ƙeyarsa. Ba sai an ɗaure shi shekarar ba, kasancewar za a iya ɗin ta wadatar. Baba kuwa shekararsa uku da samun katin zama, yana ta fafutukar takardun iyalinsa.

Ya ƙi tayin, aka koma maganar beli. An duba aka ga ya taɓa ƙin zuwa kotu kan wani sammaci, alhali ya manta ranar ne lokacin da yake sauya gida. Alƙali ya ce dala dubu. Minti huɗu bai cika ba aka gama. Masu sana'ar tsaya wa mutane beli suna karɓar wajen kashi 10 cikin 100 wanda ba ya dawowa ko an wanke ka, suna kuma neman wanda zai sa hannu mai takardar albashi, kuma da yawansu ba sa ɓata lokaci kan ƙaramin kuɗi. Lambobin abokan Baba suna cikin wayarsa, wayar tana hannun hukuma. Aka sa masa ankwa aka fita da shi ta ƙofar gefe. Ni kuma na sa hannu a takardar awannina na tafi gida, abin da har yau nake jin nauyinsa.

Kwana goma sha tara ya yi. Da aka sake kirana, tayin ya sauya: ya amsa ɗan ƙaramin saɓa doka na tayar da hankalin jama'a, wanda ba a lissafa shi cikin laifuffuka, kuma ba ya taɓa katinsa. Ya rame, gemunsa ya fito fari fat, mai motar kuma ya riga ya ba wani. Alƙali ya tambaye shi ko ya amsa da son ransa. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, faɗa musu duk abin da suke so." Na san abin da yake nufi, na kuma san abin da zai fi masa sauƙi. Amma rantsuwa ce, sai na juya yadda ya faɗa. Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce ba zai karɓi wannan ba. Lauya ta raɗa masa, na raɗa masa, ya yi shiru kamar ba zai yi magana ba, sannan ya ce, "Na amsa."

Daga ranar na fara bin labarin majalisar dokokin jiha da ke Albany, ni da da ko sunan ɗan majalisa ɗaya ban sani ba. Sunan da ke bakin kowa shi ne Kalief Browder, yaron unguwar Bronx ta birnin New York da aka kama a 2010 yana ɗan shekara 16 bisa zargin satar jakar goyo. An sa belinsa dala 3,000, iyalinsa suka kasa. Ya yi shekara uku a kurkukun tsibirin Rikers ba a yanke masa hukunci ba, wajen biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici. A 2013 aka janye tuhumar, a 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Masu neman gyaran dokar beli suna cewa wanda ba a same shi da laifi ba bai kamata aljihunsa ya yanke inda zai kwana ba. Masu gabatar da ƙara da shugabannin 'yan sanda da 'yan jam'iyyar Republican suna cewa za a ɗaure wa alƙalai hannu, a saki masu maimaita laifi.

Zaɓen 2018 ne ya buɗe ƙofar, da 'yan Democrat suka karɓe majalisar dattawan jihar. A watan Afrilun 2019, zamanin Gwamna Andrew Cuomo, aka cusa gyaran cikin kasafin kuɗi aka zartar: daga 1 ga Janairun 2020 babu belin kuɗi a yawancin ƙananan laifuffuka da manyan da ba na tashin hankali ba. Masu adawa sun yi ta ƙorafin cewa doka irin wannan ba a kasafi ake ɓoye ta ba, kuma a nan ina ganin suna da gaskiya. A cikin kasafin nan dai aka rage iyakar hukuncin ƙananan laifuffuka daga shekara guda zuwa kwana 364. Jaridu ba su damu da wannan sakin layi ba. Ni kuwa na karanta shi ya fi sau biyar. 

Murnata ba ta yi nisa ba. A Fabrairun 2020 aka kira ni in yi wa wata mata tafinta, wannan karon ɓangaren mai ƙara. Tana aikin kula da tsofaffi, wani mutum a benensu ya addabi mutane da ɗauke-ɗauke, har ya kai ga jakarta da takardunta a ciki. An kama shi da safe, an ba shi takardar ranar zuwa kotu, an sallame shi. Ta ce da ni, "Malam, ni da na kai ƙara ya riga ni komawa gida. A matattakala na same shi yana kallona." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri," ta ce haƙurin ba ya kulle ƙofa. Ba ni da abin ce mata, kuma ba aikina ba ne in ce.

Na daɗe ina juya maganarta da ta Baba. Abin da na gano shi ne, su a Albany abu biyu suka cakuɗa. A dokar New York, beli na tabbatar da cewa mutum zai dawo kotu ne kawai, ba a ba alƙali damar tsare shi don yana ganin haɗari ne ga jama'a ba. Saboda haka shekara da shekaru alƙalin da ke tsoron mutum sai ya lafta masa kuɗin da ba zai iya ba, kowa ya yi kamar bai gane ba. In mai haɗarin yana da kuɗi ya fita, marar haɗarin da ba shi da ko sisi ya zauna. Maƙwabciyarmu New Jersey ta bi wata hanya tun Janairun 2017: ta kusa kawar da belin kuɗi, amma ta yarda a yi zama a fili, mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar cewa sakin mutum haɗari ne, lauyansa ya mayar da martani. Illinois ma ta soke belin kuɗi baki ɗaya a Satumbar 2023. Ita wannan hanya tana da nata masu suka, amma aƙalla ana kiran abu da sunansa.

New York kuwa sai ta shiga faci. A Afrilun 2020 aka maido da beli a wasu laifuffuka, har da na wanda aka saki ya sake cutar da wani ko dukiyarsa. Aka sake taɓa dokar a 2022 da 2023 a ƙarƙashin Gwamna Kathy Hochul, kowane karo cikin rigimar kasafi, ana ƙara wa alƙalai 'yancin yanke shawara.

Na sake ganin Baba bayan annobar korona ta lafa, a tashar jirgin ƙasa, yana tafiya aikin gadi. Iyalinsa sun iso. Na ba shi labarin kwana ɗayan da aka cire, na ce da yau ne da a daren farko zai koma gida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To madalla. Nawa goma sha taran fa, ɗana, an sa su a kasafin?" Jirginsa ya zo, ya shiga.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda kotu ta koma ta allon kwamfuta a lokacin annobar, da ranar da na yi tafinta daga ɗakin barcin 'ya'yana.