Ranar da na kai Barsu makaranta a ƙasar Daura

Direba na uku ne ya yarda ya ɗauke mu. Na farko yana hango kare a bayana ya ce motarsa ta cika, alhali ina ganin kujeru biyu babu kowa. Na biyu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, da akuya ce da mun shirya. Amma kare? Masu alwala fa zan ɗauka." Na ukun, wani saurayi mai tsohuwar Golf, ya ce in biya kuɗin mutum biyu, kuma karen ya shiga but tare da buhunan mutane. Na biya ban yi ciniki ba. Haka muka bar Katsina da hantsi cikin hazon Disamba, ni a gaba, Barsu a baya yana kuka kamar wanda za a kai mahauta.

Abin da ya tayar da tafiyar abin kunya ne. Gidana a bakin gari yake, inda gine-gine suka ƙare gonaki suka fara, kuma ina ɗan kiwon kaji da zabi. Cikin mako uku wani abu ya ɗauke mini tsaki tara. Maƙwabta suka ce muzurun daji ne. Na samo ɗan kwikwiyo wajen wani mai kawo dabbobi daga Damagaram, siriri mai dogayen ƙafafu, irin wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa ko ya ƙoshi. Na yi masa allurar rigakafin haukan kare, na ciyar da shi har ya kai wata shida. Daren da aka ɗauke tsako na goma, yana kwance bakin akurkin yana sharar barci. Da na kira Kawu na faɗa masa, sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Kawo shi in gani, ɗan nan."

Daga Katsina zuwa Daura bai wuce kilomita tamanin da wani abu ba. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai tarin kara da shanu suna kiwo a ciki. Itatuwa duk sun fara zubar da ganye in ban da gawo, wanda shi sai rani yake yin nasa kore. A Mashi muka tsaya aka sauke wata tsohuwa, na zagaya na ba Barsu ruwa a murfin galan, yara suka taru suna kallona kamar na zo da kura.

Ban daɗe a cikin Daura ba. Ɗan kabu-kabun da na samu ya bi da ni ta kusa da rijiyar Kusugu, na tuna cewa shahararren labarin garin nan ma na farauta ne: baƙo ya sauka da dare, ya sare macijiyar da ta hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda da takobi ya zo, ni kuwa da kare rungume a cinya, yana ta zillo a kan babur. Muka ɗauki hanyar Mai'aduwa, can muka saki kwalta muka shiga yashi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ya haura saba'in, kuma tun yana saurayi yake bin daji. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya janyo karen. Ya buɗe bakinsa ya duba ko haƙoran nono sun gama zuba, ya matsa tafin ƙafafunsa, ya shafa ƙirjinsa. Sannan ya ɗauki ɗan dutse ya jefa nesa. Kafin dutsen ya faɗi Barsu ya kai rabin hanya.

"Ka gani? Ido gare shi, ba hanci ba," in ji Kawu.

Ya yi mini bayani. Irin waɗannan karnuka na ƙasar yashi da gani suke farauta. A tayar da zomo ko barewa a fili, su bi ta da gudu har su cimma ta. Kyanwar daji kuwa ba ta fitowa fili ta yi tsere da kowa. Da dare take yawo, gari na wayewa ta shige rami ko kogon itace ko tsohon suri. Wanda zai same ta sai ya sa hanci a ƙasa ya bi inda ta bi. Aikin da ke gabanmu ke nan: a sunkuyar da kan karen da aka haifa yana kallon sama.

Na ɗauka washegari za mu shiga daji. Kwana uku muka yi ba mu wuce bayan gida ba. Kawu ya hana ni ba shi abinci, ya hana yara wasa da shi. Shi kaɗai ke kawo masa ƙanzo jiƙaƙƙe da ɗan romo, kuma ba ya ajiye kwanon sai ya yi fito karen ya zo ya tsaya. Da rana ya ɗaure shi a gindin darbejiya, ya watsa tsaba a kusa da shi, kaji su taru. Duk lokacin da Barsu ya miƙa wuya wajen kaza, sai ka ji "Kul!" da ɗan tsinken kara a kan hanci. Ba dukan kirki ba ne, amma ba a taɓa fasa shi ba ko sau ɗaya. Raina ya ɓaci, gaskiya. Na bar aiki na zo kallon kare yana kallon kaji. Da na yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Kama kowane kare ya iya, a cikin uwarsa ya koyo. Bari shi ne ake koya masa."

Da dare na uku limamin ƙauyen ya zo hira, maganar ta koma kan haka. Ya karanto aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa mai su idan an ambaci sunan Allah, ya kawo hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka ce in karen ya ci daga abin da ya kama to kada a ci, don kansa ya kama wa. Kawu bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya gyaɗa kai kamar wanda aka karanta masa wasiƙar da shi ya rubuta. Na tambayi liman hukuncin naman kyanwar daji, ya ce a Malikiyya makaruhi ne. Kawu ya ce shi bai taɓa sa shi a baki ba, fatar kawai yake cirewa.

Rana ta huɗu aka fara karatun hanci, kuma nan ne na daina jin haushin tafiyar. Kawu yana da wani tsumma a cikin tsohon gwangwani mai murfi. Ya san wani rami da muzuru ke kwana, can yake zuwa ya kwaso gashi da ƙasar da ya yi fitsari a kai ya cuɗa da tsumman. Muna idar da sallar asuba ya ɗaura shi a igiya, ya ba wani jikansa ya ja a ƙasa taku talatin, ya ɓoye shi a bayan sabara tare da ɗan guntun kilishi. Sai ya kawo Barsu farkon layin, ya dafa ƙeyarsa ƙasa, ya ce a hankali, "Nemo." Karen ya ɗaga kai yana neman abin da ke gudu. Ya sake dafawa. A karo na biyar ne ya ja numfashi, jelarsa ta miƙe, ya fara tafiya yana lanƙwasa kamar maciji har ya faɗa kan kilishin.

Dalilin sammakon, in ji Kawu, wari a danshi yake zama. Da asuba ƙasa na da sanyi, tana riƙe shi. Rana na ɗagawa, iskar hunturu ta taso, shi ke nan ta share komai. Kullum ana ƙara tsawon layin, ana sa masa kwana, ana bi da shi ta cikin kara da kan turbar awaki don warin ya cakuɗe. Kuma jikan ba ya jan tsumman kullum, ana canja yaro, kada karen ya koyi bin sawun mutum maimakon na muzuru. A rana ta shida aka rataye tsumman a reshen aduwa. Barsu ya zo gindin itacen ya yi ta zagaye yana kuka, wari ya ƙare masa a ƙasa. Sai da tsohuwar karyar Kawu, wadda suke kira Ja, ta zo ta dafa gindin da ƙafafun gaba ta yi haushi, sannan ya gane abin nema yana iya hawa sama.

Ni ma an sa ni a aji. Kawu ya nuna mini sawu biyu a yashi. Na kare dogo ne, kuma farata sun fito a gaban yatsu. Na kyanwa a dunƙule yake kamar an danna bakin ƙaramin kofi, yatsu huɗu ba farce ko ɗaya, don tana janye su ciki in tana tafiya. Tana kuma ɗora ƙafar baya a gurbin ta gaba, sai ka ga sawun ya tafi a layi guda kamar ɗinki.

Da yamma yakan ba ni labarin farautar da, lokacin da garuruwa ke haɗuwa da kiɗa da 'yan tauri da karnuka fiye da ɗari, wasu har dajin Rugu, wanda yanzu 'yan bindiga suka hana kowa shiga. Ba ya kewar abin sosai. Ya ce rabinta rigima ce a kan wanda karensa ya fara kamawa, sauran rabin kuma ƙona daji.

Safiyar rana ta takwas wani yaro ya zo da gudu, an ɗauke kazar uwarsa da dare, kuma ya ga sawun muzuru a bayan dangarsu. Kawu ya ɗauki gorarsa, ya saki Ja, ya ba ni igiyar Barsu. A bayan dangar kuwa ga sawu nan sabo, dunƙulalle, ya nufi gabas. Ja ta ɗauka nan take. Bayan mun yi nisa Kawu ya ce in kwance igiyar. Barsu ya bi bayanta da hanci a ƙasa, ni kuwa har na fara jin kaina wani abu. Sai zomo ya tashi daga gindin kalgo. Ko ƙiftawar ido ban yi ba na hango ƙurarsa can. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to wannan dai bai yi maganin komai ba. Kawu ya yi fito sau biyu, ya dawo da harshe a waje, ƙafafu cike da ƙarangiya. Na durƙusa ina cire masa ina jiran faɗa. Kawu ya ce, "Ya dawo da aka kira shi. Wancan makon da sai Kongolam, can bakin iyakar Nijar."

Ja ta kai mu wani tsohon suri da gara ta bari, ta tsaya tana haushi a bakin rami. Kawu ya zura kara ta ɗaya ɓangaren. Abin ya fito kamar an harbo shi, ya ci karo da Barsu, ya tsaga masa hanci da mari ɗaya, ya haye wata magarya. Barsu ya yi ƙara ya ja da baya. Na ce shi ke nan, ya tsorata har abada. Amma ya girgiza kai, jini na ɗiga, ya je ya dafa gindin magaryar kusa da Ja, ya yi haushin da ban taɓa jin ya yi ba. Kawu ya gama aikin da gora, jifa ɗaya. Da Barsu ya yi kan gawar, "Kul!" ɗaya ta tsayar da shi.

Na daɗe ina kallon muzurun. Ya fi na gida tsawon ƙafa, jikinsa kalar yashi da toka, bayan kunnuwansa ja-ja, jelarsa da zobba baƙaƙe har zuwa baƙin ƙarshe. Kawu ya feɗe shi a wurin, ya farke cikin yadda ya saba, don ya san abin da dabba ke ci. Ɓeraye uku muka gani, da wani abu mai kama da ƙadangare. Gashin kaza ko ɗaya babu.

Bai ce komai ba. Muka koma gidan matar, wannan karon ya shiga har bakin akurkin, abin da bai yi ba da safe. A ƙasan ƙofar ga wani sawu daban, ƙarami, farata a fili. Tunku ne. Muzurun wucewa kawai ya yi ta bayan danga, wataƙila ma ɓerayen rumbun gidan ya zo ci. Kawu ya tsuguna a wurin ya fi minti biyar, sannan ya ce, "Maganar yaro na bi, ban bi ƙasa ba."

A hanyar gida, don in rage shirun, na faɗa masa abin da na taɓa karantawa, cewa wannan kyanwar dajin ita ce kakar duk wata kyanwar gida a duniya. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara tara hatsi, ɓera ya zo, ita kuma ta biyo ɓera, har ta zauna. Kawu ya dubi fatar da ke rataye a kafaɗarsa ya ce, "Ashe tsohon mai gadin rumbu muka kashe." Can kuma ya juyo ya tambaye ni, tsakin nan goma da na rasa a Katsina, ko na taɓa duba sawun da idona. Na ce maƙwabta ne suka faɗa mini.

Washegari Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'aduwa, motoci na ta wucewa, don haka na shirya komawa. Kawu ya ce Barsu zai zauna wajensa har faɗuwar ruwa, karatu bai yi nisa ba, kuma yanzu sai an ƙara masa da warin tunku. Ya shafa masa man kaɗanya a hancin. Da ɗan kabu-kabu ya tayar da babur na yi fito irin na Kawu, don in ga ko zai biyo ni. Ya ɗaga kunne, ya dube ni, sannan ya juya ya dubi Kawu, bai tashi ba.

A tashar Daura kuɗin mutum ɗaya na biya. Igiyar tana cikin aljihuna, tare da ɗan zanen sawu biyu da Kawu ya sa jikansa ya yi mini a bayan kwalin shayi, ya ce in yayyafa toka a bakin akurkina da magariba, in duba da asuba.