Wai a Nijar ma ana rubuta littafi?

Ni 'yar Tawa ce, aure ya kawo ni Sakkwato. Ba wata tafiya ba ce, daga Ƙonni ka tsallaka Illela ka shigo, amma a takarda ƙasar waje nake, kuma mutanen gari ba sa bari in manta. A kasuwa 'yar Nijar, a gidan suna 'yar Nijar. Wannan bai taɓa damuna ba.

Ƙanwar mijina ce ta ja ni wani zaman marubuta da ake yi a ajin wata makaranta bayan la'asar, don ta gaji da ganina a ɗaki ni da littafi. Wurin ya burge ni ƙwarai. Babu wuta, kowa na fifita da takardar hannunsa, amma ba wanda ya tashi. Wani ɗan jami'a ya rera waƙarsa da Sakkwatanci tsantsa, wani dattijo ya tsayar da shi a baiti na uku ya ce karin ya karye, a sake. Wata baiwar Allah ta karanta babi ɗaya na labarin da take sakawa a WhatsApp, wanda sai an biya ake ganin ci gabansa. Daga nan aka ce baƙi su faɗi sunansu da littafin da suka fi so. Na ce Sarraounia na Abdoulaye Mamani, marubucin ƙasarmu. Sai wani malami da ke gaba ya waiwayo yana dariya, ya ce, "Hajiya, wai a Nijar ma ana rubuta littafi? Mu dai shayi da raƙuma muka san ku da su."

Aka yi dariya, har da ƙanwar mijina. Na sunkuyar da kai, don baƙuwa ce ni kuma da dangin miji a wurin. Amma wallahi har yau in ina wanke-wanke sai in tsinci kaina ina ba shi amsa.

Da na ce masa littafin ya fito tun 1980, kuma labarin sarauniyar Lugu ne, Bahaushiya irinmu, wadda ta tsaya wa sojan Faransa a 1899. Da na ce masa Boubou Hama, wani marubucin namu na Nijar, shi kaɗai ya bar littattafan da za su cika kanta. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne Shehu. Shehu Usmanu da duk garin nan ke tinƙaho da shi, a Marata aka haife shi a 1754, can wajen Galmi, cikin jiharmu ta Tawa. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar kuma a Agadas ya bi shi ya yi karatu. Lokacin ina Nijar, ina Najeriya? Ita kanta Sakkwato sai 1809 Muhammadu Bello ya kafa ta.

Kada a ce ina raina garin. Ranar da maigida ya kai ni gidan tarihi na Waziri Junaidu, na ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, tawada ta yi ja don tsufa, sai da tsigar jikina ta tashi. Gari ne da mace kamar Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna koya wa mata. Kakata ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma tana rera waƙoƙin wa'azi tana kaɗi, kuma da na ji tsofaffin mata a kusa da Hubbare suna rera irinsu sai na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Shi ya sa maganar malamin ta yi min zafi. Da Bature ne ya faɗa, da ko a jikina.

Kaɗaicin dai yana nan. Karatuna da Faransanci na yi shi, maigida kuma Ingilishi, don haka in na gama littafi ba ni da wanda zan ce wa ka ga abin da wane ya yi. A Tawa da Baba nake wannan hirar. Malamin firamare ne, yana da wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, littattafan Faransanci a sama, Magana Jari Ce a ƙasa, bangonsa ya yage har ya kai wa baduku ya sa masa fata. Da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulki, Baba ya kwanta ciwo, ban samu zuwa ba sai da ya miƙe. Yanzu idonsa ba ya ganin ƙananan baƙi. Ƙanena ke karanta masa, shi kuwa yaron hankalinsa na kan ƙwallo, yana tsallake shafi, Baba na kama shi.

Na roƙa a ba direban Ƙonni rabin akwatin ya kawo min. Baba ya yarda, Inna ta hana. Ta ce ba a raba kayan mutum yana da rai, kuma in ina da lokacin karatu haka, to in zo in taya ta aikin bikin Yaya da za a yi bayan Sallah.